In za a maka allurar sitiroyid a cikin ido, ga abin da za ka kula da shi

Wannan allurar da likitocin ido ke yi a cikin ƙwayar ido, irin su triamcinolone ko ɗan abin nan Ozurdex da ake dasawa, tana sauke kumburin bayan ido sosai, musamman ga masu ciwon suga ko wanda jijiyar jinin idonsa ta toshe. Matsalar ita ce yadda take kwantar da kumburi haka take kwantar da garkuwar idon, to shi bairos ɗin da ya daɗe yana barci a jiki, kamar wanda ake kira CMV, ko hapis mai fito da ƙuraje a leɓe, ko na ƙarambau, sai ya samu ƙofa ya kama ratina, wato tantanin da ke ɗaukar gani. Ba kasafai yake faruwa ba, amma in ya faru yana iya makantarwa.

Tun kafin allurar ka buɗe baki ka faɗa wa likita komai, ko ka taɓa yin hapis a ido, ko kana da HIV, ko an maka dashen ƙoda, ko kana shan maganin kansa ko wani mai rage garkuwa, kar ka ce ai ido kawai na kawo. In akwai ciwon hapis a idon lokacin, ba a yin ta ma.

Inda mutane ke sakin jiki shi ne bayan sati ɗaya. Ciwon bakteriya da kan iya biyo bayan allurar shi ke zuwa cikin kwanaki da zafi da ja, shi kuwa bairos sai bayan makonni ko watanni, don maganin yana nan zaune, Ozurdex kan kai wata 6 yana aiki, kuma na CMV sau da yawa ko zafi babu. Don haka kullum da safe ka rufe ido ɗaya ka duba da ɗayan. Ka ga baƙaƙen ɗigo sun ƙaru suna yawo, ko dishi-dishi, ko walƙiya, ko wani gefe ya yi duhu, ranar za ka koma asibiti, ba sai ranar da aka rubuta maka ba.

Can za a ɗiga maganin buɗe ido a leƙa bayan, wataƙila a ɗan zuƙi ruwan idon a yi gwajin PCR, wato na gano ko wane bairos ne. In CMV ne ganciclovir ko valganciclovir ake bayarwa, in hapis ne acyclovir. Don Allah kar ka sayi maganin ɗigawa mai sitiroyid da kanka wai jan ya tafi, ƙara wa bairos ɗin ƙarfi kake yi. Ko bayan an warke a ci gaba da zuwa dubiya, don tantanin da ya ci ciwo yana iya ɓallewa daga baya.