Kurakuran da aka fi yi wajen taimaka wa makaho ya naɗi murya ya tura ta imel

Wani abokina makaho ya taɓa kirana a waya hankalinsa a tashe, wai kwamfutarsa ta mutu. Ashe lafiyarta ƙalau. Sabon makirufo ya jona ta kafar USB, irin mai ɗauke da kafar iyafis a jikinsa, sai Windows ya mayar da dukkan sauti can. Manhajar da ke karanta masa allo tana ta magana abinta a cikin kafar da ba a sa mata komai ba, shi kuma ya ji tsit. Ni ne na ba shi shawarar sayen makirufon, kuma ban ce masa uffan a kan wannan ba, don ni da ido nake aiki, abin bai taɓa damuna ba. Gyaran bai kai minti ɗaya ba: ya sa iyafis a jikin makirufon, murya ta dawo. Da ya zare makirufon ma da ta dawo. Daga baya muka shiga saitin NVDA, wato manhajar da ke karanta masa allon, muka zaɓi na'urar da zai riƙa magana ta cikinta kullum.

Yawancin kurakuran daga nan suke fitowa: mai taimako yana koyar da hanyar ido. Za ka ji ana cewa "danna jan maɓallin nan na sama", ko ma a karɓe linzamin kwamfutar a yi masa aikin cikin daƙiƙa biyar. An yi ba a yi ba ke nan, gobe sai ya sake nemanka. Ajiye linzamin, ka koya masa madannai. A Audacity, manhajar naɗar sauti wadda kyauta ce kuma tana tafiya da NVDA da JAWS (wata manhajar karanta allo), harafin R yana fara naɗa, P yana dakatarwa, dogon madannin nan na ba da tazara yana tsayarwa, shi ne kuma ke kunna abin da aka naɗa. Idan za ka kwatanta wuri, faɗi sunan da manhajar za ta karanto masa a kunne. "Hagu", "dama" da launi ba su da amfani a nan.

Sai batun muryar manhajar da ke shiga cikin naɗin. Idan sauti ta lasifika yake fita, makirufo zai kwashe shi tare da muryar mutum. Wasu masu taimako sai su kashe manhajar karanta allon gaba ɗaya, wanda daidai yake da a kashe maka allo kana tsakiyar aiki. Iyafis mai waya ya wadatar, kuma madannin Ctrl yana yanke maganar manhajar nan take. Na ce mai waya ne da gangan. Na Bluetooth, da zarar an fara amfani da makirufonsa yakan koma yanayin kiran waya, sautin ya dushe kamar daga cikin rijiya.

Mai ido yana kallon layukan da ke hawa da sauka a allo ya san murya na shiga. Makaho kunnensa ne ma'auni, don haka a saba da gwaji: a naɗi daƙiƙa 10, a saurara, sannan a shiga dogon bayani. Idan an ji shiru, a duba ko Windows ya ba manhajoji izinin amfani da makirufo, yana cikin saitin sirri. Idan kuma muryar na raguwa tana dawowa lokacin saurare, kada a yi saurin ɗora wa makirufo laifi. NVDA yana da tsarin rage sauran sautuka yayin da yake magana, ana sauya shi da madannin NVDA (wato Insert ko Caps Lock, gwargwadon saiti) haɗe da Shift da D.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen adanawa. Mutum ya gama naɗi a Audacity, ya danna Ctrl da S kamar yadda ya saba a ko'ina, ya tura. Abin da ya tura fayil ne mai ƙarewa da aup3, wanda Audacity kaɗai ke buɗewa. Wanda aka tura wa zai yi ta dannawa a wayarsa ba abin da zai ji. Abin ya fi muni saboda Windows yana ɓoye ƙarshen sunan fayil sai an ce ya nuna, don haka manhajar karanta allo ba lallai ta faɗi bambancin ba. A kunna nuna ƙarshen sunaye sau ɗaya a huta. Fitar da sauti na ainihi kuwa, Ctrl da Shift da E ne, sai a zaɓi MP3.

Me ya sa MP3? Lissafi ne kawai. Fayil ɗin WAV, wato sautin da ba a matse shi ba, mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10 a minti ɗaya, Gmail kuma ba ya maƙala abin da ya wuce megabait 25. Ka ga ko naɗin minti uku ma ba zai maƙalu ba. MP3 a ma'aunin inganci na 128 kbps kusan megabait ɗaya yake ci a minti, a 64 kuma rabin haka, ga maganar mutum ɗaya kuwa 64 ya isa har ya yi saura. Don sanin nauyin fayil, a tsaya a kansa a danna Alt da Enter, manhajar za ta karanto.

Suna ma abin kula ne. Fayiloli goma duk sunansu ɗaya, lamba ce kawai ta bambanta su, sauraronsu ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. F2 yana sauya suna. A sa kwanan wata da abin da ke ciki, kuma a riƙa adanawa a wuri guda.

Wajen maƙalawa kar a koyar da ja a saki, aikin linzami ne. A Outlook na kan kwamfuta, a kwafi fayil da Ctrl da C, a shiga cikin saƙon a danna Ctrl da V. A manhajar imel ta Thunderbird, Ctrl da Shift da A yana buɗe wurin zaɓar fayil. Karon farko mai koyon ya tura wa kansa, ya buɗe, ya saurara daga cikin imel ɗin.

Idan fayil ya wuce iyaka, Gmail zai ɗora shi a Google Drive ya aika mahaɗi a madadinsa. Wani lokaci akwatin tambaya yakan fito game da ba mai karɓa izinin buɗewa. Mai ido yakan amsa shi bai ma karanta ba, shi ya sa yake manta gaya wa wanda yake koya wa. Ku tsaya a kan akwatin tare, ka bar manhajar ta karanta shi har ƙarshe, ya bi zaɓin da Tab da hannunsa ya ji wanne ne ke ba da izini.