Bibiyar ciwon gwiwar hannu da na'urar eko

Ana kiran wannan ciwo "gwiwar ɗan tanis", amma a Maradi ba 'yan tanis ne ke cika zuwa da shi ba. Mata masu daka ne, da magina da makanikai. Jijiyar da ke ɗaga wuyan hannu ce ke sassaɓewa a inda ta manne da ƙashin gefen waje na gwiwa.

A ɗauki hoto da eko, wato na'urar da ke nuna cikin jiki ta hanyar sauti, kafin fara magani, a maimaita bayan mako 6 zuwa 12. Majiyyaci ya zauna, ya lanƙwasa gwiwa digiri 90, tafin hannu na kallon tebur. A shafa jel, a ɗora kan na'ura mai shimfiɗaɗɗen baki, na megahaz 10 zuwa 15, bisa tsawon jijiyar. A auna kauri wuri ɗaya kullum, a kwatanta da ɗaya hannun, a duba baƙin tabo da tsagewa.

Kuskure biyu ke yawan ɓata aiki. In kan na'urar ya karkace kaɗan, lafiyayyar jijiya sai ta fito baƙa, a ce ciwo ne. In kuma aka danna da ƙarfi, ƙananan hanyoyin jini su toshe, Dopla, wato sashen na'urar da ke nuna gudun jini, ta nuna ba komai.

Hoto yakan makara: zafi ya tafi, tabon na nan wata da watanni. Don haka a gwada ƙarfin damƙa kafin a ce mace ta koma ga taɓarya.