Abin Yi Idan Furen Tumatir Na Kakkaɓewa Saboda Ƙarancin Haske

Shekarar da na dasa tumatir a gefen da inuwa ke rufewa tun hantsi, ganye ya yi shar, amma furen sai ya yi rawaya ya faɗi. Na ɗauki ɗaya na duba, daidai wata 'yar gaɓa da ke kan karan furen ya tsinke, tas, kamar an sa reza.

Ga abin da ke faruwa. Lafiyayyen fure yana tura sinadarin oksin ta wannan gaɓar, shi ke riƙe ta. In haske ya yi ƙaranci, sukarin da ganye ke haɗawa ya ragu, oksin ya ja baya, sai sinadarin etilin ya samu dama ya sassauta gaɓar. Ƙananan ganyen toho kuwa sun fi fure iya wawurar abinci.

Don haka fara da tsinke rassan da ke fitowa a hammatar ganye. Ka rage takin naitirojin, don in ya yi yawa ganye yake ƙarawa. In a rufaffiyar rumfar shuka kake noma, kada zafin dare ya wuce digiri 18 na ma'aunin Celsius, saboda zafi yana ƙone ɗan sukarin da aka tara. Da hantsi ka riƙa ɗan girgiza reshen fure, ƙurar furen da ke sa a yi 'ya'ya ta sauka inda ya dace.

Akwai masu fesa jibarelin da saitokinin, sinadaran da ke sa shuka girma, a kan tohon fure, kuma yana ceto shi. Ni dai ba na gaggawar hakan, don in an zarce ƙima 'ya'yan kan fito a karkace. Tukwanen da tumatirina ke ciki na fara matsarwa inda za su sha rana awa 6 zuwa 8.