Kurakuran da aka fi yi wajen zaɓen takalmin gudun daji

Sai da na rasa farce biyu kafin na gane cewa takalmin da ya yi mini cif a shago zai iya zame mini azaba a gangaren dutse. Sayen takalmi daidai ƙafa shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ƙafa tana kumbura in an daɗe ana gudu, kuma duk saukowar da za ka yi daga tudu, yatsu suna zamewa gaba suna dukan bakin takalmin. Kafin ka ankara jini ya taru a ƙarƙashin farce, ya yi baƙi, bayan 'yan makonni ya cire. Ka gwada takalmi da yamma, lokacin da ƙafa ta riga ta buɗe, da irin safar da za ka yi gudu da ita, ka bar tazarar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Dunduniya kuwa ta zauna daram. In tana ɗagawa tana komawa, bororo na nan tafe.

Sai batun haƙoran tafin takalmi, inda mutane da yawa ke ganin duk wanda ya fi tsini shi ya fi kyau. Ƙasar da za ka taka ita ke yanke hukunci. A taɓo da jiƙaƙƙiyar ciyawa kana buƙatar haƙora masu tsawon milimita 5 zuwa 8, masu tazara a tsakaninsu don laka ta riƙa zubewa, irin na Salomon Speedcross. Amma ka ɗauki wannan takalmin ka hau busasshiyar hanya mai tauri da shi, za ka ji haƙoran suna tokarin tafin ƙafarka, kuma nan da nan za su cinye. A irin wannan ƙasa milimita 3 zuwa 4 sun wadatar. Jiƙaƙƙen dutse kuma nasa daban ne: a nan laushin robar ke hana santsi, shi ya sa ake neman roba irin su Vibram Megagrip, ko da yake roba mai laushi ta fi saurin ƙarewa. In hanyar cike take da tsakuwa mai kaifi, nemi wanda aka sa wa siririn faranti a cikin tafi, ya tare maka sukar dutse.

Nisa ma ana mantawa da shi. Takalmi mara nauyi mai siririn tafi yana da daɗi a kilomita 10, kana jin ƙasa, kana juyawa yadda kake so. A tseren UTMB da ke zagaye tsaunin Mont Blanc ta Faransa da Italiya da Suwizalan, kusan kilomita 170, masu gudu da yawa sun fi son tafi mai kauri irin na takalman Hoka, saboda ƙafar da ta kwana tana dukan dutse tana neman sassauci. Sai dai kauri na da nasa haɗarin. Yana ɗaga ka daga ƙasa, kuma a hanya mai gargada hakan na sauƙaƙa targaɗe.

Akwai wanda ke ba ni tausayi ƙwarai: mutum ya saba da takalmin da dunduniyarsa ta fi gabansa tudu da milimita 10, rana ɗaya ya koma takalmin Altra da tafinsa yake bai ɗaya, ya fita doguwar tafiya. Agara da sha-raɓa ne ke biyan kuɗin. In za ka sauya, ka bi a sannu, gajeren gudu tukuna, na tsawon makonni.

Takalmin Gore-Tex mai hana ruwa shiga yana da amfani a sanyi da ƙanƙara. In za ka tsallake rafi, ruwan zai shiga ta sama ya rasa hanyar fita, ga zafi da gumi. Mai raga ya fi saurin bushewa.

Kada ka fara sa sabon takalmi ranar tsere. Tsohon kuma ka riƙa juya shi kana dubawa: yawanci tsakanin kilomita 500 zuwa 800 soson tafinsa ke mutuwa, ko da samansa na nan kamar sabo. In haƙoran dunduniya sun shafe, a gangare za ka fara sani.