Kurakuran da ke ɓata gwajin CaMKII a ƙwaƙwalwar ɓera

Idan mahaɗar jijiyoyi a hipokamp, sashen ƙwaƙwalwa mai aikin koyo da tunawa, ta sha bugun lantarki da sauri, kalsiyom yakan kwarara cikin ƙwayar jijiya ta ƙofar da ake kira NMDA, ya kama furotin ɗin kalmodulin, su biyun su tada anzim ɗin CaMKII. Shi kuma sai ya maƙala wa kansa fosfat a gurbin Thr286, ya ci gaba da aiki ko kalsiyom ya janye. Da haka mahaɗar ke ƙara ƙarfi na dogon lokaci, wato abin da ake kira LTP. A 1998 an nuna cewa ɓeran da aka canza wa wannan gurbi guda ba ya yin LTP a yankin CA1 na hipokamp. Aiki ne na daƙiƙoƙi, shi ya sa ɓarnar ɗalibai ta fi zuwa daga jinkiri da zafi.

Zafin ne babban abokin gaba a Yamai. Takardun bincike sukan ce a ajiye yankakkiyar ƙwaƙwalwa a "zafin ɗaki", suna nufin digiri 20 zuwa 25. Ɗakinmu a watan Afrilu, in wuta ta ɗauke, ya wuce haka nesa. A sa ma'aunin zafi cikin shi kansa ruwan da ake ajiye yankakkiyar ƙwaƙwalwar. A fidda ƙwaƙwalwar cikin ruwa mai ƙanƙara, a yanka kauri mikron 300 zuwa 400, a bar ta ta huta awa ɗaya aƙalla, iskar oksijin kashi 95 da karbon diyoksid kashi 5 na ɓulɓulowa ba tsayawa. In iskar ta tsaya, pH ya hau, kalsiyom ya kwanta, ruwan ya yi gari-gari. A zubar da shi. Don haka ma ake fara busa iskar kafin a zuba kalsiyom.

Sai gaggawa. Kafin bugun 100 Hz (bugu 100 a daƙiƙa) na daƙiƙa ɗaya mai jawo LTP, amsar jijiya ta zauna daram minti 20. In tana hawa da kanta, abin da za a gani bayan bugun ba LTP ba ne.

Maganin KN-93, wanda ake sa wa don hana CaMKII aiki, yana ruɗar mutane sosai, kuma abin takaici ne, don an san halinsa. Yana hana kalmodulin tada anzim ɗin, amma ba ya kashe wanda ya riga ya ɗauki fosfat. Wanda ya zuba shi bayan bugu, ya ga LTP bai sauka ba, ya ce CaMKII ba shi da hannu, ya yi kuskure. A zuba shi tun kafin bugun. Yana kuma toshe wasu ƙofofin kalsiyom da fotasiyom, dole ne a gwada ɗan'uwansa KN-92, wanda ba ya taɓa anzim ɗin, a kwatanta.

Wajen auna fosfat, a daskarar da naman nan take cikin ruwan nitrojen, a sa sodiyom fuloraid a ruwan niƙa don kada anzim ɗin fosfataz su tsige fosfat ɗin. Garin madarar da ake shafe takardar gwajin Western blot da shi yana ɗauke da furotin ɗin kazeyin mai fosfat, yana iya ɓata hoton sakamakon. BSA, furotin ɗin jinin shanu, kashi 5 ya fi. A auna CaMKII gaba ɗayansa a gefe, a raba adadin mai fosfat da shi.

Mai neman LTD, wato raguwar ƙarfin mahaɗar na dogon lokaci, wanda anzim ɗin kalsinurin ke jagoranta, ya ba da bugu 900 a 1 Hz, minti 15, kuma ya nemi ƙananan ɓeraye ƴan sati biyu zuwa uku. A manya wannan bugu sau da yawa ba ya saukar da komi.