Kurakuran da aka fi yi wajen gyaran tsohon gidan jan bulo

Babban kuskure shi ne cike gaɓoɓin bulo, wato tsakanin bulo da bulo, da siminti. A 1824 Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a Ingila, kuma ya ɗauki shekaru kafin ya zama ruwan dare, don haka gidan da ya haura shekara ɗari galibi da kwaɓin yashi da laim, wato gasasshiyar farar ƙasa, aka ɗora shi. Wannan kwaɓin ya fi bulon taushi, kuma haka ake so: danshin da ya shiga bango ta gaɓoɓin yake fita. Idan birkila ya toshe su da siminti, danshin sai ya bi ta jikin bulon, fuskarsa ta riƙa ɓarewa, a wayi gari simintin na nan daram, bulon ya lotsa. A ƙasashe masu ƙanƙara ɓarnar ta fi sauri.

Gyaran yana buƙatar haƙuri. A tono tsohon kwaɓin da kurfi da guduma, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin gaɓar. Idan faɗinta milimita 10 ne, a tona milimita 20 zuwa 25. A guji injin yanka mai faifai, yana cin gefen bulo. A share ƙura, a yayyafa ruwa, sannan a cusa kwaɓi na awo ɗaya na laim da uku na yashi mai kaifi, kaɗan-kaɗan ana dannawa. A rufe da jiƙaƙƙen buhu na 'yan kwanaki, domin laim idan ya bushe da gaggawa, marmashewa yake yi.

Wasu kuma fentin mai suke shafawa, wai don ruwa kada ya shiga. Ruwan da ke ciki ne yake rasa mafita. Haka nan wanke bango da feshin yashi mai ƙarfi yana kankare ɓawon da wuta ta gasa, ya bar cikin bulon tsirara. Farin gishirin da ke fitowa a bango kuwa, a goge shi da busasshen burushi. Wankewa da ruwa mayar da shi ciki take yi. Kafin komai, a duba indararo da ƙasar da ta taru a gindin bango, yawancin danshi daga nan yake.

Wajen tarihi ma ana tuntuɓe. Shekarar da aka zana a saman ƙofa ba lallai ta zama shekarar gini ba, wataƙila ta sabunta fuskar gidan ce. Bangon baya da na gefe sun fi faɗin gaskiya. Bulon hannu ba ya zama daidai wa daida, yana da 'yan tamoji. Na inji sumul yake. A dubi jeri ma: inda ake ganin kan bulo yana leƙowa tsakanin masu kwanciya a tsawonsu, bangon cikakke ne mai kauri. Inda duk a tsawonsu suke kwance, sau da yawa bango biyu ne da rata a tsakani, salon da ya yaɗu a Birtaniya bayan 1920. Girman bulo ma alama ce a can, don harajin bulo na 1784 zuwa 1850, da ake biya bisa yawan bulo, ya sa wasu masu gashi suka ƙara masa girma.