Kurakuran da muke yi wajen zaɓen itacen tsakar gida

Jama'a damina ta kusa, kowa ya fara tsayawa wajen masu saida dashe a bakin hanya, to dan Allah ku saurare ni. Matsalarmu dashen muke kallo yana ɗan ƙarami cikin leda, ba ma tunanin yadda zai zama nan da shekara 10.

Wanda ya fi cin mutane shi ne dasawa jikin katanga ko kusa da masai. A gidanmu na Marwa, arewacin Kamaru, mun dasa cediya taku uku daga ɗakin Inna saboda tana son inuwa, daga baya saiwar ta tsaga bango ta ɗaga simintin tsakar gida, wallahi ranar da aka sare ta sai da na ji ciwo a raina. Cediya da durumi da turare na fili ne, saiwarsu ruwa take bi har rijiya. Darbejiya ko mangwaro ku ba su aƙalla mita 5 daga gini, kuma ku ɗaga kai ku duba wayar lantarki kafin a fara haƙa. Gida ƙarami ne? Lemun tsami, gwaiba, zogale sun wadatar.

Sai kuma kwaɗayin itacen wani gari. Mutum ya je Ngaundere ya ga piya ta yi kyau sai ya ɗauko ya kawo Kuseri, alhali can ruwan sama ya kai milimita 1500 a shekara ga sanyi, Kuseri da Njamena kuwa da ƙyar ake samun 600, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40. Gyaran mai sauƙi ne, ka zaga unguwarku lokacin bazara ka ga wanne ne yake kore ba mai ba shi ruwa, shi za ka saya. Shi ya sa darbejiya ta cika titunan Marwa duk da asalinta Indiya ne.

Kar a dasa a Maris, a bari ruwa ya zauna wajen Yuni ko Yuli. A cire ledar, mutane da yawa da ita suke binnewa! In ƙasarku baƙar laka ce mai tsagewa da rani a faɗaɗa ramin a gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki, ɗanyen taki gara yake kira. Sannan a kewaye shi da bulo ko ƙaya tun ranar, akuya ba ta jira gobe.